Belmiro da Kofin Cocin Tudu

Belmiro Soares ya rasu a tsakiyar sanyin bana, lokacin da lemun bayan gidansa ya nuna yana zubewa ƙasa babu mai tsinka. Ni ne Ervino, maƙwabcinsa. Wayar shinge ce kawai ta raba gonata da tasa, ita ma ta daɗe da faɗuwa, babu wanda ya damu ya tayar da ita. Karatuna bai yi nisa ba, hannuna ya fi sabawa da ganyen taba fiye da biro. Amma mutane suna ta ba da labarin abin da ya faru a ɗakinsa kafin ya cika, kowa da irin nasa, har waɗanda ba su je ba sun fi mu da muka je sani. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ban ce na gane ba. Na dai gani.

Tare muka tashi a nan Sanga Fria. Ni jikan Jamusawan Pomeraniya ne, fari sol, kunnuwana har ja suke yi idan rana ta buɗe. Shi baƙar fata ne, jikan bayin da suka gudo daga wuraren busar da nama na birnin Pelotas suka ɓuya a duwatsun nan tun namu ba su sauko daga jirgi ba. Mahaifiyarsa, Inna Doralina, a gidan fasto take aiki, don haka harshen Pomerano ya zauna a bakinsa fiye da nawa. Idan ya zage ni da shi, sai in ji kamar kakata ce ta taso daga kabari. Yana kirana Bajamushe ci-dankali. Ni kuma ina kiransa Lauya, domin tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yarda an kayar da shi a gardama ba, ko da a kan yaushe ruwa zai sauko ne.

Mutum ne dogo mai faɗin tafin hannu. Shanun noma suna jin maganarsa, ba ya ɗaga musu bulala, hira kawai yake yi da su kamar surukansa. Muryarsa a waƙa tana fitowa daga can ƙasan ciki, har benci ya riƙa rawa. Yana tsoron kwaɗo, wannan kuwa ya hana ni faɗa yana da rai. Ya auri Jurema, suka haifi 'ya ɗaya, Eloá, wadda ta girma ta tafi Pelotas tana aikin jinya. Da Jurema ta rasu bai ƙara aure ba. Ya ce ya riga ya koyi munsharin mace ɗaya, ba zai koma aji ɗaya ba.

Kowace safiya kafin a fita gona muna shan shimarawo, shayin ganyen ƙasarmu, a bakin murhunsa. Duma ɗaya, bututun ƙarfe ɗaya, ɗanyen ganye mai ɗaci a ciki, butar ruwan zafi a gefe. Ka zuƙa har bututun ya yi ƙara, a ƙara ruwa, a miƙa wa na hannun dama. Ko jariri a nan ya san dokarsa: ba a goge bakin bututu, wanda ya goge ya zagi mai gida. Ba a riƙe duma ana surutu. Idan an miƙo maka kuma, hannunka ya karɓa. Fari da baƙi duk haka muke sha, a gona, a ɗakin gasa taba, a gidan makoki, ban taɓa jin wani ya ce uffan ba.

Amma coci biyu muke da su, duka na Lutheran. Cocin Tudu na bulo ne, da hasumiya da ƙararrawa, shi ne namu. Cocin Rafi na katako ne, a gangare kusa da gada, shi ne na su Belmiro. Fasto ɗaya, littafin waƙa ɗaya, karatun baftisma ɗaya muka haddace. Da safe fasto ya yi mana sujada, ya ci abincin rana, da la'asar ya gangara ya maimaita musu wa'azin nan dai. Belmiro yakan ce su ɗumame ake ba su. Babu wata doka a rubuce a bango. Ban taɓa jin wani ya tsaya a ƙofa ya ce kada wane ya shigo ba. Haka muka tarar da abin, kamar yadda muka tarar da rafi yana gangarawa gabas.

A Cocin Tudu akwai kofin azurfa na Jibin Ubangiji, wanda kakanninmu suka ƙetaro teku da shi a naɗe cikin zanen gado. Kowa yana durƙusawa a gaban bagade, kofin ya bi layi daga baki zuwa baki. A Cocin Rafi kuwa kofin kwano ne mai farin fenti, bakinsa ya ɓantare. Inna Doralina ce take goge na azurfar da toka da tsumma duk lokacin Ista, har ta tsufa idonta ya dushe. Ta san inda ya lotsa a gindi, ta san ƙananan ganyayen inabin da aka zana a wuyansa. Ba ta taɓa kai shi baki ba.

Wata safiya, muna magidanta sosai a lokacin, ya miƙo mini duma na zuƙa, sai na ga ya zuba wa bakina ido.

"Me kake kallo, Lauya?"

"Yawuna nake kallo. Ga shi ka shanye, ko tari ba ka yi ba."

"To, sai me?"

"Sai in tambaye ka. Yawun nan nawa, ranar Lahadi kaɗai yake zama dafi?"

Na yi dariya don na ɗauka tsokana ce irin tasa. Shi ma ya yi, amma tasa ta yaƙe ce. Ya karɓi duman ya cika da ruwa, sannan ya ce, "Ni ba bencinku nake so ba, Bajamushe, namu ya fi laushi. Abu ɗaya ne. Kafin in mutu ina so kofin nan da uwata ta goge ya zagayo. Ya bar bakin ɗayanku ya zo nawa, ya bar nawa ya je na wani. Shi ke nan."

Sai na ce masa ruwan ya yi sanyi.

Shekaru suka wuce. Samari suka watse birni, namu da nasu, benci ya riƙa yin fili a coci biyun. Sai wata damina rafi ya cika ya tafi da gada, ya haɗa da rabin Cocin Rafi. A lokacin an turo mana sabuwar fasto, Marlise, yarinya ce sa'ar Eloá, mai tuƙa ƙaramar mota kamar ana korarta. Ta tara dattawa ta ce ba za ta nemi katako don sake gina bango tsakanin mutanen da suke cin wake a tukunya ɗaya ba. Ta ce gari mai launi biyu, coci mai launi ɗaya, akwai abin da ya ɓace masa ko bai sani ba.

Ina wurin taron nan, kuma har yau ban gane abin da aka yi ta faɗa ba. Wani ya ce benci ba zai isa ba, alhali rabin cocin kuliyoyi ne suke kwana a ciki. Wata ta ce mutanen Rafi suna jan waƙa da sauri, alhali waƙar ɗaya ce, mai kiɗan ma ɗaya ne. Babu wanda ya ambaci fata. Shugaban dattawa, Reinoldo Thurow, wanda mabuɗin kabad ɗin coci yake rataye a ɗamararsa, hularsa kawai yake ta murzawa. Kada wani ya ɗauka Reinoldo mugu ne. Shi ya kai Jurema asibiti a motarsa ta ɗaukar taba, bai karɓi ko na mai ba. A ƙarshe dai aka ɗaga hannu, aka yarda a haɗe.

Ranar Jibin Ubangiji na farko da za a yi tare, Belmiro ya sayi sabon takalmi. Ya zo gidana da sassafe da igiyar wuya ta 'yan kwat a hannu, ya ce in ɗaura masa.

"Kai, ka shaƙe ni! So kake in mutu ban sha ba?"

"Tsaya cik mana, wuyanka kamar na raƙumi."

"A ina ka taɓa ganin raƙumi, ci-dankali?"

Muka hau tudu tare, muka zauna benci ɗaya, karo na farko a rayuwarmu. Da ya buɗe murya, matan gaba duk suka waiwayo. Ni kuwa na kasa bin waƙar. Aka gama wa'azi, Fasto ta je bagade ta yaye farin ƙyallen da ke rufe da kayan jibi.

Babu kofin azurfa. Faranti ne mai ramuka, a kowane rami ɗan ƙaramin kofin roba, bai fi murfin kwalba ba, da ɗigon ruwan inabi a ciki. Kowa da nasa.

Belmiro ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Ervino, maganin tari za a raba mana?"

Layi ya fara tafiya. Mutanen Tudu da na Rafi suka gauraya, kowa ya ɗauki nasa ya kurɓe ya jefa a kwando. Belmiro ya naɗe hannuwa a ƙirji bai motsa ba. Ni na miƙe, na zauna, na sake miƙewa rabi, ƙafafuna suka rasa wanda za su bi. Kafin in yanke shawara layin ya wuce mu.

A waje na tare Reinoldo. Ya ce, "Don lafiya ne, Ervino. A birni duk haka ake yi yanzu. Tambayi kowane likita."

Gaskiya ne a birni haka ake yi. Gaskiya ne kuma matarsa tana fama da ciwon huhu a shekarar, yana jin tsoro dominta. Amma gaskiya ne cewa tun kakanni muna shan kofi ɗaya cikin mura da tari da kurajen baki, ba a tuna da likita ba sai a wannan makon. Duka gaskiya ne, shi ya sa kaina yake juyawa duk lokacin da na tuna. Da ƙarya ce ɗaya, da na san inda zan kama.

Fasto ta zo har gida ta sami Belmiro. Ita ta ɗauka kofin ƙaramin abu ne ta bayar don ta samu babba, wato haɗuwar coci biyun.

"Baba Belmiro, Almasihu ɗaya ne, ko a babban kofi ko a ƙarami."

"Na sani, 'yata. Ni ba ni da rigima da shi. Maƙwabtana nake nema."

Daga nan kowace Lahadi yana zuwa, ya zauna kusa da ni, ya yi waƙa, ya sa kuɗin baikon coci, ya gaisa da kowa. Idan an zo jibi sai ya naɗe hannu. Mutanen Tudu suka fara gunaguni, an buɗe masa ƙofa, yanzu kuma me yake so? Wasu daga Rafi ma suka ce yana ba su kunya, su sun ga ci gaba, shi yana neman ɓata musu. Eloá, wadda ta daɗe da daina shiga cocinmu, takan ce masa idan ta zo hutu, "Baba, ka bar musu kofinsu su dafa su ci. Don me kake wahalar da kanka?" Sai ya ce mata ita yarinya ce, ta je ta duba wake a wuta.

Ni kuwa wata rana in tashi in sha ƙaramin kofin, wata rana in zauna tare da shi. Idan na sha, sai in ji na bar shi. Idan na zauna, sai in ji na ƙi teburin Ubangiji saboda kwano. Bai taɓa ce mini yi ko bari ba.

Bara bayan girbin taba ya fara ramewa. Aka kai shi Pelotas, aka buɗe cikinsa aka rufe, aka ce a dawo da shi gida. Eloá ta bar aiki ta zo jinya. Aka jawo gadonsa kusa da murhu. Ina zuwa kowace safiya in haɗa shimarawo, ya ɗan taɓa bututun da leɓe don kada zagaye ya tsallake shi. Hannun nan da ke riƙe garma ya koma kamar busasshen ganye. Wani lokaci in fita bayan gida wajen lemu in yi kukana in share, in dawo ya ce, "Idonka ya yi ja, ci-dankali. Albasa kake yankawa a gonata?"

Da Fasto ta ga alamar lokaci ya matso, ta ce za ta kawo masa jibi gida.

"Da wane kofi?" ya tambaya.

Kafin ta amsa ya ƙara da cewa:

"Idan murfin kwalba ne, ki bar shi, 'yata. Allah ya san inda nake."

Ta ce kofin azurfa na ikkilisiya ne, mabuɗi yana hannun Reinoldo, sai dattawa sun zauna, kuma ba za su zauna ba sai wata mai zuwa. Duk muka dubi Belmiro. Babu wanda ya ga wata mai zuwa a fuskarsa.

Na ɗauki hulata na tafi gidan Reinoldo. Na same shi a rumfa yana ware ganyen taba. Ya jawo mini kujera, ya cika duma, ya sha na farko, ya cika ya miƙo mini. Na riƙe ina kallon bututun.

"Reinoldo, bututun nan naka, sau nawa Belmiro ya sa shi a baki?"

"Wa ya ƙirga?"

"To?"

"Wannan daban ne."

"Ta ina?"

Ya ɗauki ganye ɗaya ya shimfiɗa a gwiwa, ya yi ta lallashinsa da yatsa. Can ya ce, "Ban sani ba, Ervino. Wallahi ban sani ba. Amma daban ne. Babana ya sha a kofin nan, kakana ya sha. Idan na fito da shi, gobe rabin coci su ce na sayar da su."

"Uwarsa ce ta goge wa babanka shi."

"Na sani! Kana tsammani ban sani ba? Sha ka ba ni dumana, ka riƙe shi ya huce."

Na sha na ba shi. Karensa yana ta kaiwa da komowa tsakaninmu. Da na miƙe zan tafi sai ya ce, "Gobe da la'asar. Ni zan kawo da kaina. Daga hannuna sai hannun Fasto. Mara lafiya ya sha, in karɓi abina in tafi. Shi kaɗai, ka ji? Shi kaɗai."

Na dawo na gaya wa Belmiro duka, har da shi kaɗai ɗin. Na ɗauka zai ce a bar shi, domin kofin da mutum zai sha shi kaɗai ai kofin Rafi ne aka yi wa sabon fenti. Amma ya lumshe ido ya ce, "Bari ya zo."

Washegari da la'asar rana ta ɗan leƙo ta taga. Fasto ta iso da jakarta, a ciki har da ƙananan kofunan roba domin sauranmu. Reinoldo ya shigo sanye da kwat ɗin Lahadi, rungume da abu a naɗe cikin farin ƙyalle kamar jariri. Ya gaida Belmiro da Pomerano, Belmiro ya amsa masa da wanda ya fi nasa kyau. Da aka warware ƙyallen, kofin ya yi duhu saboda daɗewa a kabad. Belmiro ya ce a juya masa gindinsa. Aka juya. Ya ga lotsawar nan, ya gyaɗa kai.

Ni ina zaune a bakin gado ta hannun damansa. Reinoldo yana tsaye a damana, ya buɗe ƙyallen a tafin hannu yana jiran a maido masa kayansa. Eloá tana wajen ƙafafu, ta jingina da bango, fuska a ɗaure. Fasto ta tsaya ta hagu. Ta yi addu'a, ta faɗi kalmomin da ake faɗa, ta sa masa ɗan guntun gurasa a harshe. Sannan ta zuba ruwan inabi a kofin azurfa ta kai bakinsa.

Kansa ya ƙi tashi daga matashi. Na sa hannu a ƙeyarsa, ya yi nishi, na saki. Fasto ta karkata kofin, ruwan ya bi gefen bakinsa ya gangara wuya ya ɓata rigar. Ta sake gwadawa, haka dai.

"Ku matsa," in ji Eloá. "Ku mutanen coci ko shayar da mara lafiya ba ku iya ba."

Ta je kan murhu ta zare bututun daga cikin duma, ta ɗauraye shi da ruwan buta, ta dawo ta tsoma shi cikin kofin azurfa. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ya yi 'yar ƙara. Fasto ta dubi bututun, ta dubi rufin ɗaki kamar amsa tana can, sannan ta sa kofin a ƙirjin Belmiro.

Ya kama shi da hannu biyu. Ya zuƙa a hankali, maƙogwaronsa ya motsa. Ya ɗan tsaya, idonsa a rufe. Sai ya buɗe, ya tura kofin dama, wajena, yadda ya saba tura mini duma tun muna samari.

Na karɓa na zuƙa. Ban yi tunani ba. Bututun da ɗuminsa, ɗumin bakinsa. Na juya dama na miƙa.

Reinoldo ya miƙo hannu, kowa ya san don ya naɗe kayansa ne. Amma abin da ya shiga hannunsa abu ne mai bututu, ya zo daga hagu, da ɗumi. Na ga kansa ya sunkuya, leɓensa ya kama bututun, kumatunsa suka lotsa. Ya haɗiye. Sai a nan ya farka. Ya tsaya ƙiƙam da kofi a hannu, wuyansa ya yi ja har kunne, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka tasa daga barci a tsakiyar kasuwa.

Daga kan gado wata 'yar murya ta ce, "Reinoldo, ba lasifika ba ce. Miƙa gaba."

Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Ya dubi Eloá da ke damansa. Na ga yatsunsa sun kai ƙyallen kusa da bakin bututun, suka tsaya, suka koma. Ya miƙa mata haka nan.

Eloá ta riƙe kofin kamar zai cije ta. "Ni fa na bar cocinku," ta ce.

"Sha, ke," in ji uban. "Kin tare hanya."

Ta sha, hawaye yana zuba cikin kofin. Ta zagaya gado ta ba Fasto. Saura kaɗan a ƙasa. Fasto ta zuƙa, ta zuƙa, sai bututun ya yi ƙarar nan da yake yi idan duma ya ƙare, gurrr, a cikin kofin da ya ƙetaro teku. Belmiro ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, muka rufu a kansa. Ƙananan kofunan ba su fito daga jaka ba.

Na raka Reinoldo mota. Ya ajiye kofin a kujerar gaba, ya kasa sa mabuɗi a rami.

"Hannuna ne ya yi, Ervino, ba ni ba. An miƙo mini, me zan yi? Ko addu'a ban yi ba. Wannan ba jibi ba ne."

"To mene ne?"

Ya tayar da mota ya tafi, ya manta hularsa a kan shinge. Na tambayi Fasto ita ma, ko abin da muka yi ya karɓu. Ta ce a makarantarsu ba a koya musu komai a kan bututu ba.

Da na koma ciki Belmiro yana kwance shiru, fuskarsa ta saki.

"Yaya ka ji shi, ci-dankali?"

"Tsami."

"Tsami ƙwarai. Uwata ta ƙarar da yatsunta a kan wannan tsamin." Ya yi murmushi. "Amma ya zagayo."

Akwai abin da har yanzu yake damuna. Da safiyar ranar nan, da na zubar da ganye a ƙasa, Belmiro ya ɗaga kansa daga matashi sarai ya zage ni. Da la'asar kuma kan ya ƙi tashi. Ciwo yana yin haka, Eloá ta gaya mini, safiya daban yamma daban. Na yarda. Amma na san Lauya. Na so in tambaye shi ko da gangan ya ƙi ɗaga kan, na yi ta jinkirtawa, har ya tafi da amsarsa bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina riƙe da hannunsa, buta tana kuka a kan murhu.

Mun binne shi a gangaren Rafi kusa da Jurema da Inna Doralina, yadda ya ce. An buga masa ƙararrawar Tudu. Reinoldo yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin.

Lahadin jibi da ta biyo baya, da Fasto ta yaye ƙyalle, farantin ƙananan kofuna yana nan yadda yake. Amma a gefensa ga kofin azurfa a tsaye, an goge shi yana ƙyalli, babu komai a ciki. Ba a ce wane ya ajiye ba, ba a ce don me ba. Wasu sun ce alama ce za a dawo da shi. Wasu sun ce ado ne kawai. Layi ya tashi, kowa ya ɗauki murfin kwalbarsa. Ni na miƙe, na zauna, na sake miƙewa rabi, babu wanda zai raɗa mini komai a kunne.

Eloá ta ba ni bututun kafin ta koma Pelotas. Da shi nake sha yanzu. Kowace safiya in cika duma, in zuƙa har ya yi ƙara, in ƙara ruwa, sai in tarar hannuna ya riga ya miƙe gefe, yana jira. Belmiro, abokina, ɗan'uwana, ka sha abinka, na gani da idona. Sauran kuwa ban gane ba, kuma babu kai da za ka yi mini gardama har in gane.